Ɓarnar da Jak Ke Yi wa Ƙasan Mota da Yadda Ake Gyara Ta

Ina gaida direbobin tasha da 'yan kamasho, ina gaida kanikawa da masu faci da masu gyaran bodi, waɗanda na san da yawansu rediyo na nan rataye a jikin bishiyar gareji a daidai wannan lokaci. Yau ƙarƙashin mota za mu leƙa. Za mu yi magana a kan ɓarnar da ake yi wa mota idan aka kafa jak a inda bai kamata ba, da yadda ake gyara ta, da kuma irin gyaran da gara a bar motar da ciwonta a kan a yi mata shi.

Yadda abin ke faruwa ba baƙo ba ne ga kowa. Taya ta yi faci a hanya, ka lallaɓa ka isa wurin mai faci. Maigidan yana can yana fama da tayar tirela, sai ya turo yaronsa. Yaro ya jawo jak mai tayoyi, ya tura shi ƙarƙashin mota da ƙafa, bai durƙusa ba balle ya leƙa, ya kama bugawa. Mota ta fara tashi, sai wani ɗan sauti ya fito, ƙwas. Kai kuwa kana gefe kana waya, fasinjoji na zaune a ciki, buhunan masara na but. Aka liƙe taya, ka biya, ka ƙara gaba. Sai damina ta yi nisa ka fara jin kafet ɗin ƙarƙashin ƙafarka da danshi, mota tana warin ruma, ko kuwa ƙofa ta fara gogar ƙasa idan za ka rufe ta. A lokacin ka manta da wancan ƙwas ɗin.

Kafin mu kai ga gyara, sai mun san yadda aka gina motar. Motoci irin su Hilux da Land Cruiser suna da shasi daban, wato manyan ƙarafa biyu masu kauri da suka miƙe daga gaba zuwa baya, aka ɗora bodi a kansu. Waɗannan ba su cika shan wahalar jak ba, matuƙar a jikin shasin aka kafa shi. Amma ƙananan motocin da suka cika titunanmu, Corolla, Camry, Accord, Golf, Sharon, Fijo 406, ba su da wannan shasi. Fallayen ƙarfe ne aka lanƙwasa, aka haɗa su da ɗigon walda, bodin da kansa shi ne ƙashin motar. Fallen da ke ƙarƙashin ƙafarka galibi bai kai kaurin milimita 1 ba, alhali motar ta haura tan 1 a nauyi. Ƙarfinta a lanƙwasar yake. Ku ɗauki gwangwanin lemo wanda ba komai a ciki: idan yana tsaye sumul, zai ɗauki nauyi mai yawa, amma da zarar an ɗan loɓa gefensa, ɗan dannawa kaɗan sai ya murƙushe. To, haka dokin ƙofar mota yake, wannan dogon ƙarfe mai rami a ciki da ya tashi daga bayan tayar gaba zuwa gaban tayar baya, a ƙarƙashin ƙofofi. Shi ne yake riƙe tsakiyar mota, kuma yana cikin abubuwan da ke tare bugu idan wata mota ta doke ka daga gefe.

Idan ka durƙusa ka leƙa ƙasan dokin ƙofar, za ka ga wani siririn leɓe na ƙarfe ya zubo ƙasa, ya bi tsawonsa. Nan ne aka haɗa fallaye biyu ko uku aka ɗiɗɗiga musu walda. A jikin leɓen nan, kusa da kowace taya, kamfani ya ƙara kauri a wuri guda, kuma ya yi alama. A Toyota da yawancin motocin Japan za ka ga 'yan tsaga biyu, tsakaninsu ne mazaunin jak. Wasu motocin Jamus 'yar kibiya ko 'yar loɓa suke yi a jikin dokin ƙofar. BMW wani ɗan dandamalin roba take sawa, tsofaffin Marsandi kuwa rami gare su a gefe inda ake zura hannun jak. Jak ɗin da ya zo da mota an yi kansa daidai da mazauninsa. Jak mai tayoyi na masu faci kuwa kansa faifai ne na ƙarfe, shi ya sa ko a daidai alamar aka sa shi, idan ba a ɗora roba mai tsaga ko ɗan katako ba, yana iya kwantar da leɓen.

To, ɓarna ta riga ta auku. Me za a fara dubawa? Jama'a sukan ruga wurin loɓar da ido ke gani. Ni kuwa na ce a fara da abin da zai iya kashe mutum ko ya kashe inji. Ka ajiye motar a wuri mai tsabta, ka shimfiɗa kwali a ƙarƙashinta ta kwana. Da safe ka jawo kwalin ka duba abin da ya ɗiga a kai. Baƙi ko ruwan ƙasa mai kauri, baƙin mai ne. Ja, galibi man giya ne na mota mai otomatik. Mai ruwa-ruwa, fari-fari ko rawaya-rawaya, mai santsi a yatsa, wannan man birki ne, kuma idan shi ka gani, kada motar ta motsa daga nan, a kira bakanike ya zo ya same ta. Fetur ba ya buƙatar kwali, hanci ya isa.

Dalili shi ne, bututan birki da na fetur ta ƙasan mota suke bi, a liƙe da fallen ƙasa, a motoci da yawa ba su da nisa da dokin ƙofa. Sirara ne, jak yana matse su cikin sauƙi. Bututun birki da aka matse ba a buɗe shi da filaya, ba a yi masa walda, ba a ɗaura masa robar tiyo. Canza shi ake yi, a fitar da iska daga birkin, a gwada kafin a hau titi. Wanda ya ce maka zai ɗan daddaɓe shi ka ci gaba da tafiya, ka gode masa ka nemi wani.

Akwai kuma sabon abu da ya shigo. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, motoci da dama a Najeriya sun koma amfani da iskar gas ta CNG. Tukunyar tana but, bututun kuwa ta ƙasan mota yake bi zuwa inji, kuma ƙarfin iskar da ke cikinsa ya ninka na iskar taya fiye da sau 80. Duk mai irin wannan mota ya san ta inda bututunsa ya bi, ya nuna wa mai faci kafin a tura jak. Idan jak ya taɓa shi, a rufe bakin tukunya, a koma wurin waɗanda suka haɗa.

Sai kaskon baƙin mai da ke ƙasan inji. Yara suna son sa jak a nan saboda fili ne shimfiɗaɗɗe, ga shi a tsakiya, sai ka ɗauka an yi shi ne don haka. Idan na ƙarfe ne, loɓawa yake yi ya shige ciki. Matsalar ita ce, bakin bututun da ke zuƙo mai zuwa inji yana daf da ƙasan kaskon, tazararsu ba ta wuce santimita 1 ba. Kasko ya loɓa ya toshe bakin, mai ya ragu a inji, jar fitilar mai ta fara ƙiftawa, wanda bai kula ba sai inji ya buga. Gyaransa ba wuya: a juye mai, a kwance kaskon, a kifa shi a kan katako a buga loɓar ta fita, a duba rariyar bututun, a sa sabon gasket. Idan kuwa na alminiyam ne, ba ya loɓawa, tsagewa yake yi. Gam zai iya kai ka gida, amma ba gyara ba ne. A nemi wani kaskon, Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna ba a cika rasa irinsa ba.

Tankin mai da ya loɓa, ko lowa am da ya lanƙwashe har sitiyari yana ja gefe guda taya tana cin gefe, waɗannan ba sai mun daɗe a kansu ba. Lowa am a canza shi, a yi alaimen. Tanki kuwa, ko an juye shi kaf, tururin fetur yana nan a ciki, kada wanda ya kusance shi da wuta.

(Ɗan kiɗa)

Masu sauraro barkanmu da dawowa. Idan yanzu kuka kama mu, muna magana ne a kan gyaran ƙasan mota bayan jak ya yi mata illa. Mun gama da abubuwan da ke yoyo, yanzu sai ƙarfen kansa.

Mu fara da leɓen nan, domin shi ya fi shan wuya. Idan kwantawa kawai ya yi, bai yage ba, wannan aikin awa ɗaya ne ko biyu. A ɗaga motar ta wani wurin mai lafiya, a tokare ta da kyau, ko a kai ta kan rami. A wanke wurin, a kankare laka. Sai a samu filaya mai kulle ko sifana mai daidaitawa, a kama leɓen, a riƙa tayar da shi kaɗan-kaɗan. Kada a fara daga tsakiya inda ya fi kwanciya. A fara daga gefe inda lanƙwasar ta soma, a matsa gaba kaɗan, a koma ɗaya gefen, a haka har a haɗu a tsakiya. Wanda ya kama tsakiya ya fizga da ƙarfi, yaga ƙarfen zai yi. Bayan ya miƙe, a sa dunƙulen ƙarfe a bayansa, a bi shi da ƙaramar guduma har ya daidaita.

Daga nan sai a duba da fitila: fallayen suna nan a haɗe, ko sun buɗe baki? Idan ɗigon walda ya ɓalle, za ka ga tsaga tsakaninsu, har bakin sukudireba yana shiga. Wannan sai an matse su an sake ɗiga walda a inda ta saki. Kuma a lura da wasu 'yan ƙananan ƙofofi a jikin leɓen. Ba lalacewa ba ce, kamfani ne ya bar su don ruwan da ya shiga dokin ƙofa ya samu hanyar fita. Jak yakan matse su, wani mai gyaran kuma ya zo ya toshe sauran da gam yana ganin gwaninta ya yi. Ruwa ya kwanta a ciki, tsatsa ta ci ƙarfen daga ciki zuwa waje. A buɗe su.

Fallen ƙasa da ya kumburo sama, shi ma da sauƙi. A cire kujera, a ɗaga kafet, a kawar da wayoyi, a ɗora guntun katako a kan kumburin a buga shi ya koma. Sai a duba ko ya tsage, a duba robobin da ke toshe ramukan ƙasa ko ɗaya ya fice, domin ta nan ruwa da ƙura da hayaƙin salansa suke shigowa. Hayaƙin nan ba abin wasa ba ne ga mai doguwar tafiya da gilashi a rufe.

Inda aikin yake da wuya shi ne idan dokin ƙofar kansa ya loɓa. Rufaffe ne, ba ta inda za ka zura guduma ka bugo daga ciki. Hanyar da ta dace ita ce a goge fenti, a ɗiga wa 'yan wosha ko ƙusoshi walda a kan loɓar, a riƙa jawo su waje ɗaya bayan ɗaya, ana bubbuga gefen da ya tashi, sannan a cire su a goge wurin. Idan ya murƙushe sosai, ko tsatsa ta riga ta cinye shi, a yanke ɓangaren a sa wani ƙarfen mai kauri irin nasa. Bayan an gama, a buɗe ƙofofi a rufe, a dubi tazarar da ke tsakanin ƙofa da bodi, a gwada da ta ɗaya gefen.

A nan nake da magana da 'yan'uwana masu gyaran bodi, kuma ina roƙon a yi mini uzuri. Mun saba da wutar kabaid. Ƙarfe ya lanƙwashe, a hura masa wuta ya yi ja, a buga, ya miƙe cikin minti biyar. A kan tsohuwar Fijo 504 wannan ya yi aiki shekara da shekaru. Amma motocin da aka ƙera daga shekarun 2000 zuwa yau, da yawansu an sa musu ƙarfe mai tauri na musamman a dokin ƙofa da ginshiƙan gefe, kuma taurin nan wuta tana kashe shi. Za ka ga wuri ya miƙe tsaf, an shafa fenti yana ƙyalli, amma ƙarfen ya yi laushi, ba mai sani sai ranar da aka yi karo. Ban da haka, wuta tana ƙone rufin da ke kare ƙarfen daga tsatsa, har da na ciki inda burushi ba ya kaiwa. Ga bututun fetur a kusa, ga damin wayoyi kwance a ƙarƙashin kafet daidai wurin. Garin neman gira a rasa ido. A miƙar da ƙarfe da sanyinsa. Inda walda ta zama dole, a yi ta lantarki, ɗigo-ɗigo, ana bari yana hucewa. A cire kan batir tukuna saboda ƙwaƙwalwar mota, a ɗaga kafet, a kare bututai da fallen ƙarfe, a ajiye abin kashe gobara kusa, mutum ɗaya kuma ya tsaya yana kallon cikin motar.

Abu na biyu shi ne bodi fila. Fila ta gyaran fuska ce, a shafa ta siririya a kan ƙarfen da aka riga aka miƙar. Ba ta ɗaukar nauyi. Wanda ya cika ramin dokin ƙofa da ita ya shafe da baƙin fenti, ranar da aka sake kafa jak a wurin za ta farfashe ta zubo, wataƙila da motar gaba ɗaya. Masu sayen motar hannu, musamman 'yan Kwatano da suka fito daga Turai da Amurka inda ake zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara, ku riƙe ɗan maganaɗisu a aljihu. Ku bi dokin ƙofa da shi. Inda ya ƙi kamawa a jikin ƙarfe, akwai fila a wurin. Sabon baƙin fenti a ƙasan tsohuwar mota shi ma abin tambaya ne.

Saura matakin da aka fi tsallakewa, kuma a ganina shi ne rabin aikin. Duk inda jak ya murƙushe, fenti da baƙin rufin ƙasa sun tsage, ƙarfe ya fito tsirara. A goge da burushin waya da samfefa har sai ƙarfe ya yi fari, ba sauran jan tsatsa. A share da tina, a bari ya bushe. A shafa fentin farko mai hana tsatsa, a bi bakin haɗin fallayen da gam ɗin da ake toshe haɗin bodi da shi, sannan a rufe da baƙin rufin ƙasa. Cikin dokin ƙofar kuma a fesa masa kakin hana tsatsa ta ramukan da ke toshe da roba. Kada a shafa rufi a kan tsatsa ko laka, domin danshi zai kwanta a ƙarƙashinsa ya ci gaba da aikinsa ba mai gani. Baƙin man da aka juye daga inji, wanda wasu ke fesa wa ƙasan mota, yana tara ƙura, kuma yana lalata robobin bushin. Mu da muke arewa rani yana rufa mana asiri, iska a bushe take, tsatsa ba ta sauri. Amma watan Agusta yana zuwa, mota za ta kutsa kududdufi, laka ta maƙale a tsagar ta kwana tana jiƙa ƙarfe. Wanda zai yi wannan gyara, ya yi shi kafin ruwa ya sauka.

Wani zai ce, to wa zai biya? Gaskiya abin da mai faci ya karɓa a hannunka bai kai kuɗin gwangwanin fenti ba, rigima da shi ba za ta miƙar da ƙarfe ba. Kai mai mota, ka sauko, ka ajiye waya, ka sauke fasinja da kaya masu nauyi, ka nuna wurin da yatsa. A tsaya a ƙasa mai tauri kuma shimfiɗaɗɗiya. Idan yashi ne ko kwalta da rana ta narkar, a sa faffaɗan katako a ƙarƙashin jak. A ja hambirki, a sa giya, a sa waigi a tayar da ke ɗaya kusurwar, a sassauta notuna tun mota tana ƙasa. Idan ta tashi, a tura safaya taya ƙarƙashin dokin ƙofa, ko da jak zai zame. Kuma don Allah kada wanda ya shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita, kada kuma a tokare ta da bulon siminti, domin bulo ba ya gargaɗi kafin ya ruguje. A sa ƙafar ƙarfe da aka yi don haka.

Lokaci ya yi halinsa. Roƙona ga iyayen gida masu faci da kanikawa, duk yaron da kuka ɗauka, kafin ku ba shi sandar jak ku durƙusar da shi ku nuna masa alamun nan a mota uku ko huɗu, kuma ku ajiye guntun katako mai tsaga kusa da jak ɗinku. Ku kuma masu motoci, yau kafin magariba kowa ya leƙa ƙasan motarsa ya nemo wurare huɗun nan, ya nuna wa direbansa, ya nuna wa uwargida ko ɗansa idan suna tuƙa ta.